Neman Takarda a Cinikin Gida Ba Rashin Yarda Ba Ne

A Dakoro da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sabon Mashi zuwa Ɗan Gulbi, akwai maganar da ba ta rasa fitowa idan aka zauna cinikin gida ko fili ko gona. An daidaita farashi, mai gida ya ce ya sallama, dillali ya sa albarka, sai mai saye ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, da mun sa abin nan a rubuce." Nan take fuskar dattijo ta canza. "Haba yaro! Ni da mahaifinka muka tashi, a akushi ɗaya muka ci tuwo. Ga liman, ga mai unguwa, ga Allah yana gani. Takardar me kuma?" Sai yaron ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya ƙirga kuɗi, a shafa fatiha a watse.

Abin da dattijon yake nufi, wanda kuma jama'a da yawa suka tafi a kai, shi ne neman takarda tsakanin mutanen da suka san juna zargi ne, maganar mutumin kirki a gaban shaidu ta wadatar, rubutu kuwa sai inda tsoron Allah ya yi ƙaranci. Ni a ganina wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Sai dai masu riƙe da ita iyayenmu ne da yayyenmu, mafi yawansu ba su taɓa cin dalar wani ba, kuma daga kyakkyawar zuciya maganar take fitowa. Saboda haka ya wajaba a amsa musu da hujja da ladabi.

Akwai inda suke da gaskiya, kuma ba ƙarama ba ce. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciniki yana ƙulluwa da yardar mai saye da mai sayarwa, takarda ba ta cikin rukunansa. Dokar ƙasa ma ba ta raina al'ada ba. Dokar da aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa tsarin karkara da aka fi sani da Kod Rural, ta ba mallakar da aka samu ta hanyar al'ada kariya daidai da wadda aka samu ta rubutacciyar doka. Kuma tsarin baki da shaidu ya yi aiki na tsawon zamani. Yawancin ƙauyukan yankin nan mutanen da suka hauro daga kudu da yamma neman ƙasar noma ne suka kafa su. Daji yana nan a yalwace, wanda ya sara ya mallaka, gari ƙarami ne, kowa ya san iyakar kowa. Idan aka sayar da gida, gari duka ne shaida. Wanda kuma aka ɓata wa rai yana da inda zai matsa gaba ya sari sabon wuri.

Wannan zamanin ya wuce. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17, kuma gundumar Dakoro kaɗai, bayan an cire mata Bermo, tana da mutane fiye da 600,000. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Ta arewa ma akwai iyaka, domin dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata layin da noma bai kamata ya tsallake ba, kuma layin nan a wajajen kwarin Tarka yake, watau a ƙofar gidanmu. Saura ta yi wuya, gandu ya rarrabu tsakanin magada har ya zama ƴan tsiri, gonakin bakin gari ana yanka su filayen gini. Wurin da aka bayar jiya da kuɗin goro, yau ya zama dukiyar da za a iya raba zumunci a kanta.

Ga abin da nake son iyayenmu su tsaya su duba da kyau. Rigimar gida ba kasafai take tashi tsakanin wanda ya sayar da wanda ya saya ba. Su biyun suna ganin girman juna har su koma ga Allah. Rigima tana tashi ne bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, tsakanin ƴaƴan wannan da ƴaƴan wancan, waɗanda ba su halarci zaman ba, wasunsu ma ba a haife su ba a lokacin. A ranar liman ya rasu, mai unguwa ya rasu, dillali ya tsufa ƙwaƙwalwarsa ta raunana, shaida na huɗu ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ba a san ranar dawowarsa ba. Bishiyar aduwar da aka ce ita ce iyaka an sare ta an yi itace, shingen aguwa ya matsa taku uku ba wanda ya san yaushe. Ɗan mai sayarwa ya ce, "Mahaifinmu bai taɓa gaya mana ya sayar ba, aro ya ba su." Ɗan mai saye ya ce, "Da kunnena na ji Baba yana cewa ya biya." Mai yiwuwa ne dukkansu biyu ba mai ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya ji a gidansu yake faɗi. Dattijon da ya ƙi takarda saboda mutuncinsa ya tafi da gaskiyar a cikinsa, ya bar yara da zato. To takardar da yaron ya nema tun farko ba ta shafi amanar dattijo ba ko kaɗan. Domin waɗannan yaran aka neme ta.

Idan abin ya kai gaban maigari ko sarki don sulhu, kamar yadda tsarin ƙasa ya tanada kafin a je kotu, kuma babu rubutu babu shaida mai rai, ina ake komawa? Rantsuwa. A ɗauko Alƙur'ani a ce wa mutum ya dafa a kan cinikin da bai gani da idonsa ba. Mai tsoron Allah ya ja da baya ya bar haƙƙinsa, wanda zuciyarsa ta bushe ya dafa ya tafi da gida. Wannan shi ne ya fi damuna a cikin lamarin duka: tsarin da aka ce an gina shi a kan tsoron Allah, a ƙarshe mai tsoron Allah yake kayarwa.

Tunda da addini ake kafa hujja, mu koma gare shi. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ga wa ta sauka? Ga sahabbai, mutanen da ba a yi masu amana kamarsu ba. Da rubutu zargi ne, da su ne suka fi cancanta a ɗauke musu shi. Ayar ta yi bayanin wanda zai rubuta da wanda zai yi shifta, har da abin da za a yi idan mutum ba zai iya faɗa da kansa ba, waliyyinsa ya tsaya masa. Dalilin da ta bayar kuma bai shafi munana zato ba, ya shafi ƙarfafa shaida da kawar da shakka. Gaskiya ne ayar ta sassauta a kan cinikin hannu da hannu, kuma gaskiya ne mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin abin so, ko da yake irin su Ɗabari sun ce wajibi ne. Amma sau nawa ake cinikin gida hannu da hannu a garin nan? Kafin alƙalami ake bayarwa yau, rabi bayan kaka, ciko idan an sayar da bisashe ko ɗa ya aiko daga waje. Da zarar an jinkirta wani ɓangare na kuɗin, ya zama bashi mai ajali, kuma shi ne ainihin abin da ayar take magana a kai.

A cikin hadisi, Tirmizi ya ruwaito cewa Addau ɗan Khalid yana riƙe da takardar ciniki da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka rubuta masa a kan cinikin da suka yi. Abu Dawuda da Nasa'i kuma sun kawo labarin dokin da Annabi ya saya daga wani baƙauye. Kafin a kai ga biya, wasu da ba su san an yi ciniki ba suka taya dokin da tsada, mutumin ya musa cewa ya sayar, har ya nemi a kawo shaida, sai Khuzaima ɗan Sabit ya tsaya ya yi shaidar. Idan ƙarin farashi ya sa an musa wa fiyayyen halitta ciniki a rana ɗaya, wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce maganarmu ta fi ƙarfin musu bayan shekara ashirin?

Malaman mazhabarmu ba su ɗauki wannan da wasa ba. Rubuta takardun ciniki da gado da kyauta fanni ne mai zaman kansa a Andalus da Magrib. Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, ya yi littafi guda a kan ladubban mai rubuta irin waɗannan takardu. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim na Garnaɗa, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita, ta yi magana a kan shaida bisa rubutun hannu, domin Malikiyya sun yarda a tabbatar da rubutun shaidan da ya rasu ko ya yi nisa. Ashe ke nan takarda ba baƙuwa ba ce da Nasara ya kawo mana. Tana cikin littattafan da ke zauren malamanmu tun kafin zuwansa.

Akwai wata ɓarna da rashin rubutu yake yi wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce cakuɗa sayarwa da aro da jingina da kyauta. A Disamba 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi jawabin da ya bar kowace gona a hannun mai noma ta, ko ta wace hanya ta zo hannunsa. Niyyar ita ce a kare talaka, amma tun daga lokacin masu gona suka shiga tsoron bayar da aro, masu aro kuma wasunsu suka ƙi mayarwa. A shekarun yunwa, 1984 da 2005, mutane da yawa a jihar Maraɗi sun jinginar da gonaki don buhun hatsi. Da sauƙi ya zo aka je fansa, sai ka ji mai riƙe da gona ya ce ai sayarwa aka yi. Fiƙihu ma yana da ƙa'idar hauzi: Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa wanda ya riƙe gida shekara goma ana danganta shi gare shi, mai shi yana gari yana gani bai ce komai ba, to da'awarsa ta faɗi. Mai kirkin da ya ba baƙo aron kango ya yi shiru don kunya, da me ƴaƴansa za su nuna cewa aro ne? Layi biyu a takarda sun isa su tsare masa alherinsa, har ya ƙara samun ƙarfin zuciyar ba wani aro gobe.

Mata kuwa su ne suka fi shan wahalar cinikin baki. Babban wa ya sayar da gidan gado shi kaɗai, ƙannensa mata suna ɗakunan aurensu a wasu garuruwa ba su sani ba. Ko miji ya ba matarsa gamana ko ɗaki da baki, ya rasu, danginsa su ce ba su san zancen ba. Inda ake rubutu da gaske, tambayar farko ita ce ta yaya wurin ya zo hannun mai sayarwa, an raba gado ko ba a raba ba, su wane ne sauran magada. Mai saye ma wannan tambaya tana tsare shi, domin abokin tarayya a abin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, yana iya mayar masa da kuɗinsa ya karɓe kason da aka sayar.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu ƙin takarda, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa, "Takardar ma ai ana ƙirƙira ta. Da Faransanci ake rubutawa, mu ba mu iya karantawa, a sa mu dangwala yatsa a kan abin da ba mu sani ba. Kuma mun ga fili ɗaya da takarda biyu." Duk wannan yana faruwa. An cuci mutane da alƙalami kamar yadda aka cuce su da baki. Amma a lura da irin takardar da ake cuta da ita: wadda aka rubuta a ɓoye ce, a bayan shago, tsakanin mutum biyu da dillali, kofi ɗaya tak a aljihun mai wayo. Maganinta shi ne a yi rubutun a fili, a gaban shaidun nan da dattijo ya ambata, a karanta da Hausa kowa ya ji, a ajiye kofi a wurin da hannun mutum ɗaya ba ya kaiwa. Ba wanda ya ce a sallami liman da mai unguwa. Cewa aka yi a rubuta sunayensu da abin da suka shaida tun suna da rai.

Kuma hanyar yin haka tana nan, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Kod Rural ya kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo a matakai uku: Kofob a ƙauye ko ruga, Kofokom a ƙaramar hukuma, Kofodep a gunduma. Kofob ba baƙi ne daga Yamai ba. Maigari ne shugabanta, da magatakarda, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Tana da takarda daban ga kowane irin hulɗa: shaidar mallaka ta gargajiya, shaidar sayarwa, shaidar kyauta, yarjejeniyar aro, ta haya, da ta jingina. Ana yin kofi fiye da ɗaya, masu ciniki su riƙe nasu, sauran su hau sama a ajiye. Kofo ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci, aikinta shi ne ta sa a rage zuwa kotun. Na san ba kowane ƙauye ne hukumarsa take aiki yadda ya kamata ba, wani wurin takardun sun ƙare, wani wurin magatakardan ya yi tafiya. Wannan dalili ne na a matsa wa hukumomin gari da masu sarauta su raya ta, kuma kafin nan a taka zuwa Kofokom.

Gidan cikin gari kuma hanyarsa ta ma'aikatar magajin gari ce. Filin da aka yanka a hukumance yana da takardarsa da ake kira akt da sesiyon, mai lambar fili da sunan mai shi. Kuskuren da ya yi yawa shi ne mutum ya saya, a miƙa masa takardar da sunan mai fili na farko, ya jefa a adaka ya ce ya gama. Fili ya wuce hannu uku ko huɗu, rajista tana nan da sunan wanda ya rasu tuntuni. Kamata ya yi a je a duba rajista kafin a biya, a canza suna bayan an biya. Mai hali ya ci gaba har ya sami titir fonsiye a ma'aikatar haraji, wanda tun 2006 aka fito da sassauƙar hanyar samunsa da ake kira Sheda. Sai kuma gargaɗi ɗaya da ya shafi yankinmu musamman: akwai ƙasar da ba ta sayuwa ko da takarda goma. Burtali da makiyaya da mashaya na jama'a ne, kuma dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta hana mallake su. Wanda aka sayar wa gona a tsakiyar burtali ya sayi rigima da makiyaya, kuma jiharmu da ta ga rikicin manoma da makiyaya a Toda a 1991, inda aka rasa rayuka fiye da ɗari, ta san inda irin wannan rigima take kaiwa.

Wurin da ciniki ya fi lalacewa shi ne tsakanin kafin alƙalami da cikon kuɗi. A nan ne wani yake zuwa ya taya da tsada, ko mai saye ya kasa cikawa ya dawo neman abin da ya bayar. Wasu ƙasashe sun shata wannan wuri da layi bayyananne. A Ingila, inda doka ta nemi rubutu a cinikin ƙasa tun 1677, kowane ɓangare yana iya fasawa har zuwa ranar da aka yi musayar takardun da aka sa wa hannu, daga ranar kuwa mai fasawa zai yi asara. A Faransa mai sayen gida yana da kwana 10 na sake tunani bayan sa hannu a yarjejeniyar farko. Ba sai mun kwafi nasu ba, amma ya kamata kowane ciniki namu ya amsa tambayoyin da suka amsa: nawa aka bayar yau, yaushe ne ciko, idan ranar ta wuce me zai faru, idan wani ya fasa ina makomar kafin alƙalami, wa zai biya la'adar dillali. Adadin kuɗin ma a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, domin mu da muke lissafi da dala, "dubu ɗari" a baki tana iya zama sefa 500,000, magajin da ya tashi da lissafin makaranta kuma ya ɗauka 100,000 ake nufi. Iyaka a ambaci maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, a kira su su tsaya a wurin, a auna da mita.

Duk wannan ba zai yiwu ba muddin ƙarami ne zai riƙa neman takarda daga babba, domin tarbiyyarmu ba ta bar yaro ya ja da dattijo ba, kuma ba na fatan ta bari. Saboda haka roƙona ga iyayenmu ne. Baba, idan ka tashi sayar da gida ko gona, ko bayar da aro ko kyauta, kai ka fara cewa a kira magatakarda, ka ɗauke wa yaron nauyin. Malamai da limamai da ake gayyata shaida, ku tambaya ko an rubuta kafin ku shafa fatiha. Wanda kuma yake zaune yau a gidan da ya saya da baki, idan mai sayarwa da shaidu suna raye, ya tara su a makon nan a je wurin maigari ko ma'aikatar magajin gari a rubuta.